Shaihu Umar a Dayi, Shekarar da Aka Rufe Layin Waya

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ciki har da Malumfashi da Funtua da Bakori da Ƙanƙara. An yi haka ne don a toshe wa ɓarayin daji hanyar magana da masu kai musu rahoto daga cikin gari. A garinmu Dayi, cikin ƙasar Malumfashi, mai son jin muryar ɗan'uwansa sai ya kama hanyar Gwarzo har ya tsallaka inda sabis ɗin Kano ke kamawa. Matasan da suka saba kwana a kan Facebook da YouTube suka koma ga abin da ke cikin memori, masu tura finafinai a bakin kasuwa kuwa suka sami ciniki. A cikin waɗannan watanni ne na tuna da wani faifai da wani abokina malamin jami'a ya ba ni, na ajiye ban taɓa kallonsa har ƙarshe ba. Fim ɗin Shaihu Umar ne, na Adamu Halilu. Na sa shi a talabijin ɗin zaurenmu da batirin sola. Tsawonsa minti 142, batirin kuma ba ya jure haka, don haka muka raba shi dare uku kamar wasan kwaikwayon da tasha ke kawowa kashi-kashi. Abin da mutane suka ce a waɗannan darare shi ya sa na koma bin tarihin labarin tun daga tushe.

Tushen yana Zariya. A 1933 Rupert East, wanda ke jagorantar Hukumar Fassara, ya zagaya yana roƙon malaman makarantun boko su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, aka sa gasa. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida tare da East, sai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ɓalewa a lokacin saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, bai daɗe da gama Kwalejin Katsina ba, inda ya yi karatu daga 1928 zuwa 1933, ya koma Bauci yana koyarwa. Sauran abokan gasarsa sun fi karkata ga abin dariya da jarunta da al'ajabi. Shi kuwa ya ɗauki zancen da kowane tsoho na wancan zamani ya sani da idonsa, wato harin bayi da satar yara.

Ya kamata a riƙe shekarun a zuciya. Dokar Lugga ta 1901 ta hana kai hari da cinikin bayi, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne. Amma wanda yake bawa kafin nan ya ci gaba da zama a hannun ubangijinsa sai in ya fanshi kansa ko ya biya murgu har aka sallame shi. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Ke nan lokacin da littafin ya fito a 1934, akwai mutanen da doka ba ta gama kwance musu igiya ba, kuma da yawa daga cikin ɗaliban da suka fara karanta shi sun taso a gidajen da ake da bayi da cucanawa.

Labarin kansa sananne ne ga duk wanda ya yi Hausa a sakandare. Wani malami a Rauta, kusa da Bauci, ɗalibansa sun tambaye shi asalinsa, ya ba su tarihinsa. An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, wani bafade da sarki ke ji da shi. Aka kai hari ƙasar Gwari, fadawa masu hassada suka ce Makau ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo, sarki ya kore shi, ya ƙare a Maƙarfi. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta ta bar yaron wurin ƙawarta, aka sace shi. Daga hannu zuwa hannu ya isa Kano, inda wani dillali Gumuzu ya haɗa shi da Balarabe Abdulkarim, wanda ya tafi da shi Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwar ta bi sawu, ita ma aka yaudare ta aka sayar, ta ƙetare hamada a matsayin baiwa har Murzuk. Sun sadu bayan shekaru masu yawa, ba ta daɗe ba ta rasu.

Daga littafi labarin ya hau dandamali. A farkon shekarun 1970 Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, mutumin Tirinidad da ke aikin wasan kwaikwayo a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, suka mayar da shi wasa. Ɓalewa ya riga ya zama Firayim Minista, an kuma kashe shi a juyin mulkin Janairu 1966, saboda haka duk wanda ya taɓa littafin bayan nan yana taɓa shi ne da girmamawar da ake yi wa abin da mamaci ya bari. A 1976 Adamu Halilu ya ɗauki fim ɗin da kuɗin gwamnatin tarayya, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu Umar, aka nuna shi a lokacin bikin FESTAC na 1977.

Sunan Adamu Halilu bai yi amo a yankinmu ba, amma sana'ar da ya fito daga cikinta ta yi. Ya taso ne a sashen finafinan gwamnatin Jihar Arewa, masu shirya abin da motar majigi ke yawo da shi ƙauye-ƙauye. Tsofaffin Dayi da Malumfashi har yau suna ba da labarin yadda motar ke zuwa da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, sankira ya zagaya, bayan isha'i gari ya hallara. Baban Larai, fim ɗin da aka yi don koya wa manoma gyaran noma, ya sami karɓuwa a nan domin ƙasar auduga ce, kuma mutum na ganin gonarsa da takinsa a jikin ƙyallen. Mutanen yankin sun koyi kallo ne a taro, ana yi ana sharhi da babbar murya, ana gargaɗin wanda ke cikin hoton kamar yana ji. Wannan ɗabi'a ba ta mutu ba da zuwan talabijin. An buɗe tashar Kaduna a 1962, NTA ta haɗe tashoshi a 1977, kuma lokacin da aka mayar da Magana Jari Ce wasan talabijin a Kaduna a shekarun 1980, da Ƙasimu Yero cikin 'yan wasa, gidan da ke da akwati ɗaya a unguwa shi ne silimar unguwar. Daga baya bidiyon Kano ya zo ya mamaye komai, har littafin 'yar yankinmu Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, Ki Yarda Da Ni, ya zama fim a ƙarshen shekarun 1990. A duk wannan hidima fim ɗin Shaihu Umar ya ɓace daga idon jama'a, har aka ɗauka ya salwanta.

Sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda hedikwatarta ke Jos, a cikin aikin tono tsofaffin finafinai da Didi Cheeka na ƙungiyar masu fim ta Legas ya tsaya a kai. Cibiyar Arsenal ta Balin a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a watan Fabrairu 2018. Abin yana min ciwo cewa Jamusawa sun riga jikokin masu labarin ganinsa da kyakkyawan hoto, amma ina gode wa duk hannun da ya cece shi daga ƙura da tsatsa.

Daren farko a zaurenmu, matasa ne suka fi yawa, kuma ba su ɓoye gajiyarsu ba. Sun saba da Labarina da Izzar So, inda kowane kashi ke ƙarewa da abin da zai hana mutum barci. Nan kuwa kyamara na tsayawa a kan malami yana magana a nutse, ba waƙa, ba rawa, ba kiɗan da ke gaya wa mutum lokacin da zai ji tsoro. Biyu sun fice kafin a yi nisa. Dattawa kuma hankalinsu ya tafi ga tufafi da sirdi da yadda ake zube wa sarki, suna gyara wa juna sunayen kaya. Wani tsohon malamin firamare, wanda ya koyar da ni, ya yi ta jinjina wa Hausar 'yan wasan, ya ce rabonsa da jin ana magana ba a cusa Turanci ba har ya manta.

Zaman ya canza ne a wurin shari'ar Makau. Wani manomi da ke zaune a bakin ƙofa, wanda ba ya cikin masu yawan magana, ya nemi in tsayar da hoton. Ya ce shi bai gane ba, a yi masa bayani: mutanen nan sun je ƙauyen wasu sun kamo su a gona, sun dawo, kuma laifin da ake tuhuma a fada shi ne wani ya rage wa sarki kasonsa? Tsohon malamin ya ce haka zamanin yake. Manomin ya ce to ai shi ma wanda ke daji yau haka yake hukunta yaronsa in ya ɓoye waya ko kuɗin wanda suka kama. Zauren ya yi tsit.

Na karanta littafin nan a aji uku na sakandare, na kuma koyar da shi, amma ban taɓa tsayawa a wannan gaɓa ba. Yadda aka koya mana, kuma yadda muka koyar, jigon Shaihu Umar shi ne haƙuri da yarda da ƙaddara da darajar ilimi. Makau mutumin kirki ne da aka zalunta, fadawa su ne miyagu. Gwarawan da aka kamo ba mu taɓa tambayar inda suka ƙare ba, kamar yadda ba a tambayar inda buhun hatsi ya ƙare a cikin lissafi. Ina ganin Ɓalewa ya san abin da yake yi. Ya jera abubuwan yadda mutanen lokacin suke ganinsu, bai tsoma baki da wa'azi ba, sannan ya juyar da ƙaddarar ta faɗa wa iyalin wanda ya je harin. Matar mai kamo bayi ta zama baiwa, agolansa ya zama haja a kasuwar Kano. Mu ne muka karanta shi cikin kwanciyar hankalin shekarun da hanya ke lafiya, muka ɗauki zancen bauta a matsayin ado na zamanin da.

A 2021 ba mai sauran wannan kwanciyar hankali a ƙasar Malumfashi. Daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga sun shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, maƙwabciyarmu, suka kora ɗalibai cikin daji da ƙafa, aka sako 344 ranar 17 ga watan. Wata biyu bayan haka, ranar 17 ga Fabrairu 2021, aka shiga kwalejin kimiyya ta Kagara a Jihar Neja aka tafi da mutum 42, ɗalibai 27 a cikinsu, aka kashe ɗalibi ɗaya. Da sunan Kagara ya fito daga bakin Shaihu Umar a cikin talabijin, sai da wasu suka kalli juna. Ba wanda ya buƙaci a fassara masa abin da ake nufi da a ɗauke yaro uwarsa ba ta nan.

Dare na biyu mata suka aiko cewa su ma a ba su wuri, sai muka mayar da akwatin tsakar gida, maza daga gefe. A nan na ga labarin ya sauya mai shi. Ga maza, fim ɗin na Umar ne, yaron da ya tashi a hannun baƙi ya zama shaihi. Mata ba su damu da karatunsa ba. Idonsu na kan uwar, tun daga lokacin da ta dawo ta tarar ba ɗanta, har shigarta Kano tana tambaya gida-gida. Da dillalin ya yi mata alkawarin kai ta wurin ɗanta, wata gwaggona ta ɗaga murya tana ce mata kada ta yarda, kamar yadda iyayenmu ke yi a gaban majigi. Wata kuma ta ce ai ko ta san ƙarya ce za ta bi, don uwa ba ta da zaɓi. A wannan shekara kowa a wurin ya san gidan da aka sayar da gona ko shanun huɗa aka haɗa kuɗin fansa, ya kuma ji labarin wanda ya kai kuɗin aka riƙe shi. Sunan da matasa suka laƙaba wa Gumuzu nan take shi ne infoma, kalmar da ake kiran mutumin gari mai cin abinci da ɓarayin daji. Sun fi tsanarsa a kan wanda ya ɗauki yaron da hannunsa.

Wannan tsohon ciwo ne a ƙasar nan, ko da yake ba a cika son tono shi ba. Kudancin Katsina a ƙarni na 19 ƙasar gandaye ce da rinji, inda bayi ke noman auduga da hatsi, kuma tana tsakanin mahara: Maraɗawa daga arewa, zamanin su Ɗan Baskore, da mayaƙan Kwantagora daga kudu maso yamma. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta aka buga a 1954, ta taso ne a wajen Zarewa, ba nisa da iyakarmu ta Kano, kuma ta ba da labarin yadda mahara suka kwashe matan gidansu, dangi suka yi ta tara wuri har suka fanso su. Da na faɗi haka a tsakar gida, kakar yaran maƙwabcinmu ta ce ita ma ta ji irinsa daga bakin kakarta, har da yadda ake kwana a kan dutse in an ji kugen mahara. Ta ce ba ta taɓa ba jikokinta labarin ba don tana ganin abin ya wuce.

Gardama mafi zafi ta zo a dare na uku, kuma a kan Abdulkarim ce. Tsohon malamina ya tsaya kai da fata cewa mutumin kirki ne: ya karɓi yaron da ba shi da kowa, bai sa shi aikin bauta ba, ya ba shi ilimin da ya ɗaukaka shi, daga ƙarshe ma ya taimaka aka kai ga uwar. Wani saurayi da ya gama kwalejin ilimi ya ce, cikin ladabi, “Baba, a gafarce ni, amma da ba mai saye, da ba a sata.” Malam ya ce kada a auna mutumin wancan ƙarni da mudun yau. Saurayin ya ce ita uwar ai a wancan ƙarnin take, kuma ba ta ga alherin ba. Liman na unguwarmu, wanda ya zo daren ƙarshe kawai, ya shigo da abin da ya fi duka nauyi. Ya ce ko a shari'ar wancan zamani sayar da ɗa Musulmi haramun ne, kuma yana cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kuka da su game da sarakunan Hausa kafin jihadin 1804. Ke nan Umar da uwarsa ba ta hanyar halal aka mallake su ba ko da mudun da malam ke so a yi awo da shi. Malam ya yi shiru, sannan ya ce wannan gaskiya ne, shekara talatin yana koyar da littafin bai taɓa kawo wa yara wannan ba.

Ni a nawa ganin dukansu suna da hannu a kan gaskiya, kuma ƙarfin labarin ke nan. Ɓalewa bai ba mu azzalumi mai jajayen idanu da za mu tsine wa mu huta ba. Ya nuna harka ce da mutanen kirki ke ciki dumu-dumu, mai sallah da mai kyauta da mai riƙon amana, kowa na cin gefensa yana ganin hannunsa a wanke. Fim ɗin Halilu, da jinkirinsa da matasa suka ƙi a daren farko, ya bar wa mai kallo sararin lura da haka. Da an cika shi da kiɗa da guje-guje, da manomin nan bai sami zarafin cewa a tsaya ba.

Inda na rabu da wasu masu kallon shi ne wurin da suka ce ashe ba abin da ya canza. Ya canza. A zamanin labarin sarki ne ke tura hari, kasuwar bayi kuma a fili take ci, ayari na ƙetare hamada zuwa Murzuk da Tarabulus ba mai tare shi. Yau ba hukumar da ta halatta abin, kuma wanda aka kama fansarsa ake nema daga danginsa. Abin da ya yi kama shi ne halin wanda aka bari a gida, da sayar da abin hannu, da bin duk wanda ya ce ya san hanya. Wannan ɓangaren ne mutanen Dayi suka gane tun kafin a gama gabatar da 'yan wasa.

Saduwar Umar da uwarsa ba ta zo wa kowa da daɗi ba. Waɗanda suka saba da finafinan Kano sun sa ran za a koma gida tare, a yi biki, a kunyata maƙiya. Da ta rasu bayan ganinsa, wata yarinya ta tambayi uwarta ko shi ke nan. Gwaggona ta share ido da bakin mayafi ta ce ai ta gan shi, akwai waɗanda ko wannan ba su samu ba. Ba wanda ya tashi sai da rubutun ƙarshe ya gama wucewa.

Washegari tsohon malamina ya aiko jikansa ya karɓi kwafin littafin da ke wurina, bugun kamfanin NNPC na Zariya wanda bangonsa ya riga ya yage. Matasan nan biyu da suka fice a daren farko suka zo suka ce in tura musu fim ɗin a waya, na ce faifai ne, sai dai su zo zaure, suka zo muka sake kallon kashin farko tare. A watan Disamba aka maido da layin waya. Littafin ya dawo hannuna bayan an gama ɗibar auduga, da alamar fensir a gefen shafin da aka kai hari ƙasar Gwari.